Jimlar da ke ɓoye mai aiki a Ingilishi

A Ingilishi, idan za a faɗi abin da ya wajaba, ya halatta ko yake yiwuwa ba tare da ambaton mai aikin ba, ana jera abubuwa uku: kalma irin must, should, may ko can, sai be, sai siga ta uku ta aikatau. "The millet must be sold" na nufin dole a sayar da geron. In lokacin ya wuce, have been ke maye gurbin be. Ana kawo mai aikin da by in ana bukatarsa.

Ɗalibin Tasawa ko Mayahi, da ke fara Ingilishi a koleji, yana da makamancin wannan a harshensa: "motar tana gyaruwa" daidai yake da "the car can be repaired".