Kwalekwalen Get Ndar: yadda masunta suka zama ƴan ci-rani

Bara, ranar da nake komawa gida Tawa hutu, na zauna cikin kar kusa da wani saurayi ɗan Senegal. Tun daga Yamai har Dogon Dutsi bai ce uffan ba. Da muka tsaya cin abinci a Ƙonni na miƙa masa ruwa, sai na ga tafin hannunsa duk kanta, kamar na mai jan guga. Na tambaye shi da Faransanci ko manomi ne. Ya ce a'a, masunci ne ɗan masunci, daga Get Ndar, kuma Agadas za shi. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Mu da ba mu da teku, gani muke wanda ke zaune bakinta ya rabu da yunwa har abada. To me zai sa ya bar ta ya nufi hamada? Ya ce mini kifin ne ya ƙare. A zuci na ce kai, teku guda? Amma ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa da na koma makaranta na bi diddigin tarihin garinsu. Ga abin da na samu.

Get Ndar unguwa ce ta birnin San Luwi, wanda Wolof ke kira Ndar, a arewacin Senegal daf da iyakar Muritaniya. Faransawa suka kafa birnin a 1659 bisa wani tsibiri cikin kogin Senegal, kuma shi ne hedikwatar mulkinsu ta Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902, kafin su koma Dakar. Tsakanin kogin da tekun Atlantika akwai wani siririn zirin rairayi mai tsawo, ana ce masa Lang da Barbari. Bisa wannan ziri Get Ndar take: kogi a bayanta, teku a gabanta. Mutanenta ba su da gona sai ruwa. Maza su shiga teku, mata su sayi kifin su busar ko su yi banda, su kai kasuwa. Shinkafa da kifin nan da Senegal ke taƙama da ita, cebu jen, daga wannan birni aka ce ta samo asali.

Da can da filafili da matuƙi ake fita, abin da hannu ya iya ja shi ake kawowa. Daga shekarun 1950 aka fara ɗaura wa kwalekwale inji, a shekarun 1970 kuma abin ya game ko'ina, tare da wani babban taru da ake zagaye garken kifi da shi a tsuke gindinsa kamar bakin jaka. Kamu ya ƙaru, kuɗi suka shigo. A daidai lokacin fari ya ci ƙauyukan Sahel, irin wanda kakanninmu ke ba mu labari, manoma da yawa suka gangaro gaɓa suka zama masunta. Ke nan masu kamu sun ninka, teku kuwa tana nan yadda take.

Sai manyan jirage suka ƙaru a kai. A 1979 Senegal ta sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyar ƙasashen Turai, wadda ta ba jiragensu izinin su cikin ruwanta a kan kuɗi. Bayan su akwai na Rasha da na Sin, wasu da takarda, wasu da sata cikin dare, wasu kuma sun sayi tutar Senegal sun liƙa. Masu jan taru ta ƙasan teku ba su zaɓe: babba da ƙarami, har da wurin da kifi ke ƙwai, duk sharewa suke. Kifin da ake kira cof, wanda da shi ne adon tukunya, ya zama sai mai hali. Talaka ya koma ga yaboy, wani ƙaramin kifi mai arha. Shi ma bai tsira ba, don an kafa masana'antu a gaɓar yankin, musamman a Nuwadibu ta Muritaniya, masu niƙa shi gari a kai Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo guda na gari. Ka ji fa, abincin mutum ake ba dabba.

Ga kuma iyaka. Kakannin ƴan Get Ndar kifi suke bi duk inda ya nufa, arewa ko kudu. Rikicin Senegal da Muritaniya na 1989 ya rufe musu ruwan arewa, kuma ko da aka sasanta, sai da lasisi ƙidayayye ake shiga. Wanda ya ƙetara babu takarda, a ƙwace masa inji da taru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na watan Oktoba 2003. Kogi ya cika yana shirin cin birni, sai hukuma ta sa aka yanka zirin rairayin nan kudu da gari, faɗin mita 4 kacal, don ruwa ya samu hanya zuwa teku. Birni ya tsira a wannan shekara. Amma teku ta kama bakin nan tana ci, har faɗinsa ya kai kilomita da dama. Ƙauyen Dun Baba Jeye ya nutse, mutanensa suka watse. Ruwan gishiri ya shiga rijiyoyi da garaken Ganjol, inda ake noman albasa kamar yadda muke yi a Galmi. Masunta kuma ta wannan baki suke fita, inda ruwan kogi ke karo da igiyar teku, kuma ɗaruruwansu sun halaka a wurin. Garin neman gira an rasa ido. A 2017 da 2018 igiyar ruwa ta rushe gidajen da ke layin gaba a Get Ndar, aka kwashe iyalai zuwa sansani can cikin tudu, nesa da kwalekwalensu.

To mutumin da ya iya teku, yana da jirgi, ba shi da kifi, me zai ɗauka? A 2006 mutum fiye da 31,000 suka sauka tsibiran Kanari na Sipaniya, galibinsu cikin kwalekwalen su, tafiyar kusan kilomita 1,500 daga Senegal. A 2024 adadin ya haura 46,000, ban da waɗanda ruwa ya ci ba a ƙidaya ba. A watan Nuwamba na wannan shekarar yarjejeniyar su tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ta ba, amma kifin da aka kwashe shekara arba'in ba ya dawowa a damina guda.

A rediyo mukan ji ana cewa kwaɗayin Turai ke fitar da samarin nan. Ni tun da na karanta wannan tarihi na daina faɗin haka. Laifin ya rabu: akwai na jiragen waje, akwai na hukumar da ta sayar da izini ta kuma yanka rairayi cikin gaggawa, akwai na masuntan kansu da suka riƙa kama ƙananan kifi da taru mai matsattsen ido. Sai dai wanda ya fi kowa ƙarancin laifi, wato yaron da aka haifa bayan an gama rabon, shi ke biya.

A tashar Tawa na sauka, shi ya wuce. Ban tambayi sunansa ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Na san dai kar ɗin za ta bi ta Tabalak, inda mata ke tare matafiya da soyayyen kifin tafki. Ina fatan ya saya ya ci kafin ya shiga rairayi.