Sukuta

Sukuta wani nau'in babur ne mai ƙananan tayoyi, wanda ake hawa ba tare da an ɗaga ƙafa an tsallake tankin mai ba. Gaban kujerarsa a buɗe yake, da shimfiɗaɗɗen wurin ajiye ƙafafu, injin kuma a rufe yake kusa da tayar baya. A ƙasar Hausa an fi saninsa da sunan Vespa.

Tarihi

Tun a shekarar 1915 aka fara sayar da Autoped a birnin New York na Amurka, wanda a tsaye ake tuƙa shi, amma bai daɗe a kasuwa ba. Sukuta irin wanda aka sani a yau a Italiya ya samo asali, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An ragargaza masana'antar jiragen sama ta Piaggio da ke Pontedera, hanyoyi sun lalace, jama'a kuma ba su da kuɗin sayen mota. Sai Enrico Piaggio ya ba injiniyan jirage Corradino D'Ascanio aikin ƙera abin hawa mai araha.

D'Ascanio ba ya son babura, saboda sarƙarsu na ɓata tufafi, sauya taya kuma wahala ne. Don haka ya cire sarƙar gaba ɗaya, ya haɗa injin da tayar baya kai tsaye, ya mayar da giya hannun hagu, ya sa garkuwar ƙarfe a gaba don tare laka. Tayar gaba kuwa ta gefe guda kawai aka riƙe ta, kamar ƙafar jirgin sama. An yi wa ƙirar rajista a watan Afrilun 1946. Vespa na nufin zanzaro a harshen Italiyanci, kuma wanda ya dubi siririn ƙugunsa zai gane dalili. A 1947 kamfanin Innocenti na birnin Milan ya fito da kishiyarsa, Lambretta.

Daga nan ƙirar ta bazu zuwa Asiya. Kamfanin Bajaj na Indiya ya fara da haɗa Vespa bisa lasisi, sannan ya fitar da nasa, Chetak, a 1972. Mai taya uku, Ape, wanda Piaggio ya ƙera a 1948 don dakon kaya, shi ne kakan keken da ake kira A Daidaita Sahu a Kano.

Ire-irensa

Yawancin sukutocin yanzu ba su da giyar hannu, da kansu suke sauyawa. Akwai manya na tafiya mai nisa, kamar Suzuki Burgman da Yamaha TMAX, akwai kuma masu lantarki irin na Gogoro a Taiwan, inda ake musayar batir a tasha maimakon jiran caji.

Ana kuma kiran ɗan katakon da yara ke turawa da ƙafa sukuta, duk da cewa danginsa daban ne. Samfurinsa mai batir ya cika biranen Turai a matsayin abin haya, har mazauna Paris suka kaɗa ƙuri'ar hana hayarsa a 2023 saboda haɗurra da tare hanyar masu tafiya a ƙasa.