Littattafan Addini a Ƙasar Maska: Daga Alƙalami zuwa Ɗab'i

Kafin zuwan ɗab'i, mai neman littafi a Maska da sauran kudancin Katsina hanya uku gare shi: ko ya ara ya kwafa, ko ya biya marubuci, ko ya sayi na gado. Takarda kuwa mai tambarin wata uku daga Italiya take fitowa, ta bi Tarabulus zuwa Kano, shi ya sa take da tsada. Abin da aka fi kwafa shi ne Ahalari, da Risala, da Muhtasar, da Ummul Barahina ta Sanusi, wadda a cikinta almajiri ke fara sanin hukuncin hankali, watau wajibi, da mustahili, da ja'izi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya reshensa ya ratsa Funtuwa, sai bugun Masar ya yawaita. A 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. Littafi ya yi araha, cinikin marubuta ya ja baya.

Amma fa akwai abin da bugun Masar ba ya kawowa. Sunan wanda ya kwafa, da fassarar ajami ta gefen shafi, an fi samunsu a tsohon littafi, kuma da su ake gane yadda ilmi ya yaɗu. Gafakar da gara ta ci, wannan shaida ta tafi ke nan.