Daga Kabari Zuwa Ɗakin Amarya: Tarihin Dodo Mai Shan Jini a Adabin Turawa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya bayan sallar isha'i ya san cewa Dodo abin gudu ne. Da an ambace shi, yara sai su ƙara matsowa jikin kaka. To amma a littattafai da finafinan Turawa na wannan zamani al'amarin ya juye, domin sau da yawa dodon ne saurayin da budurwar cikin labari take mutuwar so, masu karatu kuma suna taya ta. Wannan maƙala za ta bi sawun dodo guda ɗaya, wanda Turawa ke kira fampaya, wato gawar da ke fitowa daga kabari da dare ta sha jinin masu rai. Za mu ga yadda, cikin shekaru kusan 300, ya tashi daga kumburarriyar gawar ƙauye ya zama ango. Abin da muke son nunawa shi ne, a duk tsawon wannan tafiya abubuwa biyu marubuta suka yi masa: sun sauya masa tufafi, sannan sun miƙa masa bakin ba da labari.

Gawar Ƙauye

A shekarar 1718 Daular Usmaniyya ta sallama wa Ostiriya arewacin ƙasar Sabiya bayan yaƙi. Jami'an da aka tura mulkin yankin sai suka tarar da wata al'ada da ta ba su mamaki. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, wani manomi mai suna Petar Blagojevic ya rasu. Bayan 'yan makonni mutum 9 suka mutu cikin kwana 8, aka kuma ce kowannensu kafin ya cika ya faɗi cewa mamacin ne ya zo masa da dare ya shaƙe shi. Mutanen gari suka matsa wa jami'in gwamnati lamba har aka tone kabarin a gabansa. Aka ga gawar ba ta ruɓe ba, ga kuma jini a bakinta. Nan take suka fiƙe itace suka soke ta a ƙirji, suka ƙone ta. Wata jaridar birnin Biyana ta buga rahoton jami'in a wannan shekarar. A 1732 wani likitan soja, Johann Fluckinger, ya rubuta irin wannan rahoto daga ƙauyen Medvedja, kuma a shekarar ce kalmar fampaya ta shiga harshen Ingilishi.

Yau likitoci sun san dalilin abin da mutanen suka gani. Iskar da ke taruwa a cikin gawa ita ke kumbura ta, ta kuma turo ruwa mai launin jini ta baki da hanci. Fata kan ja baya, sai a ga kamar farce da gemu sun ƙara tsawo. Tun a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta tura likitanta, Gerard van Swieten, ya bincika, ya ce camfi ne, ta kuma hana tone kaburbura saboda wannan zargi.

Abin lura a nan shi ne siffar dodon. Talaka ne cikin likkafani, mai kumburarren ciki da wari, kuma danginsa da maƙwabtansa yake fara kashewa. Ta wannan fuska ya yi kama da maye a tunanin Bahaushe, wanda shi ma na kusa da shi ake zargin yana kame wa kurwa. Babu budurwar da za ta yi mafarkin irin wannan.

Dodo Ya Sa Kwat

A tsakiyar shekarar 1816 wasu matasan Ingila suka taru a wani gida a bakin tafkin Janeba, a ƙasar Suwizalan. Aman wutar dutsen Tambora na Indunusiya a 1815 ya dagula yanayin duniya, saboda haka ruwa da sanyi suka tsare su a ɗaki. Mai masaukin, shahararren mawaƙi Lord Byron, ya ce kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Daga wannan zama dodanni biyu suka fito. Mary Shelley, tana da shekara 18, ta fara littafin Frankenstein, wanda aka buga a 1818. Likitan Byron kuma, John Polidori, mai shekara 20, ya ɗauki guntun labarin da ubangidansa ya fara ya yar, ya gina The Vampyre, aka buga shi a 1819.

Dodon Polidori, Lord Ruthven, basarake ne mai dukiya da iya zance, wanda matan manyan gidajen Landan ke rububinsa. Masu karatun lokacin sun gane cewa Byron ake nufi, domin an san shi da kwarjini da kuma ɓata matan mutane. Hasali ma mujallar da ta fara buga labarin sunan Byron ta sa a matsayin marubuci, abin da ya sa ya yi kasuwa. Da wannan, dodo ya bar maƙabarta ya shiga zauren liyafa.

Sai dai Polidori bai yaudari mai karatu ba. Ruthven ya sa abokinsa Aubrey ya yi rantsuwar rufa masa asiri har shekara guda da kwana ɗaya, ya yi amfani da wannan dama ya auri ƙanwar Aubrey, ya shanye jininta, ya ɓace. Kyansa kyan ɗan maciji ne, kuma labarin ya ƙare a kan gawar amarya.

Littafin Stoker da Majigi

A 1897 Bram Stoker, ɗan ƙasar Ailan, ya fitar da Dracula. Wanda ya san Dirakula ta fim kawai zai yi mamakin yadda littafin ya siffanta shi: tsoho ne mai farin gashin baki, da tsinin kunnuwa, da gashi a tafin hannu, da warin baki mai tayar da zuciya. Bugu da ƙari, an gina littafin ne da wasiƙu da littattafan ajiyar bayanan yau da kullum na waɗanda ya cuta da masu farautarsa. Dirakula bai ba da labarin da bakinsa ko sau ɗaya ba. Mun san shi ne ta bakin Jonathan Harker da ya tsare a fadarsa, da Mina da ya tilasta wa shan jininsa, da masoyan Lucy da suka binne ta. Ba a ce yana son Mina ba. Abinci ce a wurinsa, kuma hanyar ramuwa a kan maƙiyansa.

Fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, ya ƙara masa muni, ya ba shi sanƙo da haƙoran ɓera, ya haɗa shi da annoba. Amma masu wasan kwaikwayon daɓe suna da wata buƙata, wato dodon da za a iya gayyata falo ba tare da an gudu ba. Saboda haka a wasan da Hamilton Deane ya shirya a 1924 aka sa masa baƙar kwat da alkyabba. Bela Lugosi, ɗan ƙasar Hangari, ya fito a wannan shiga a Niyok a 1927, sannan a fim ɗin kamfanin Universal na 1931, wanda aka tallata a matsayin labarin wata baƙuwar soyayya. Shigar ta bi Lugosi har kabari, domin da alkyabbar Dirakula aka binne shi a 1956. A 1958 Christopher Lee ya fito da Dirakula dogo, mai kwarjini, wanda matan cikin fim ke buɗe wa taga da hannunsu. Duk da haka, har zuwa wannan lokaci mugu ne, kuma kashe shi ne ƙarshen labari.

Waƙa a Bakin Mai Ita

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da Anne Rice ta Amurka ta fitar da Interview with the Vampire. A nan dodon, Louis, shi ke zaune yana ba wani ɗan jarida tarihinsa na shekara 200, na'ura tana ɗaukar murya. Yana kisa yana nadama, yana kukan kaɗaici. Rice ta rubuta littafin ne bayan rasuwar 'yarta mai shekara 5 a 1972 sakamakon cutar sankarar jini, don haka baƙin cikin da ke ciki na gaske ne. Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Da mai karatu ya shiga cikin zuciyar Louis, sai waɗanda ya kashe suka zama inuwoyi marasa suna a lungunan birni.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1992 Francis Ford Coppola ya sake yin fim ɗin Dirakula, ya ƙara abin da babu shi a littafin Stoker: wai jarumi ne da matarsa ta mutu, ya shafe shekara 400 yana begenta, Mina kuma ita ce matar ta dawo. Abin da yake fyaɗe a 1897 ya zama saduwar masoya. A 2005 Stephenie Meyer ta kai tafiyar maƙura da littafin Twilight. Edward Cullen ɗan makaranta ne a ido, mai shekara 17, alhali ya haura 100. Jinin dabbobi yake sha, rana ba ta ƙona shi sai dai ta sa jikinsa ƙyalli. Littattafai 4 na wannan jeri sun sayu fiye da kwafi miliyan 100, finafinai 5 da aka yi daga 2008 zuwa 2012 kuma sun tara fiye da dala biliyan 3. A ƙarshe Bella ta aure shi, ta kuma zama irinsa, kamar yadda ta daɗe tana roƙo.

To, mu dubi ɗabi'un wannan ango. Yakan shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba ya tsaya yana kallonta tana barci. Yakan bi ta a ɓoye. Ya taɓa cire wani abu daga injin motarta don kada ta ziyarci abokinta. Ya sha gaya mata cewa yana fama da sha'awar kashe ta. Labarin ya jera waɗannan duka a matsayin shaidar tsananin so.

Ina Sirrin Yake?

Muna ganin dalilai uku. Na farko, tsoro daga nesa daɗi gare shi, shi ya sa ma yara ke roƙon a sake tatsuniyar Dodo. Na biyu, tun daga Ruthven har Edward babu matalauci a cikin dodannin da ake so. Duk masu gidaje ne da dukiya da ƙarfin da ya fi na mutane. Na uku, wanda ya fi ratsa zuciya, shi ne alfaharin zama ta daban: yana cinye kowa amma ni ya ƙyale, kuma sona ne zai shiryar da shi.

Halittar Frankenstein ta isa ma'auni a nan. Mary Shelley ta ba shi baki tun 1818, ya faɗi yadda kowa ya guje shi saboda muninsa har ya zama makashi. An tausaya masa, amma ko a cikin littafin an hana shi mata, masu karatu kuma ba su mai da shi saurayi ba. Ke nan tausayi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da kyan fuska da abin hannu.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga dodanni ba. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu za su tuna Darr na 1993, inda Shah Rukh Khan ya fito a matsayin mai bibiyar matar wani har da kisa, amma shi ne ya tafi da zukatan 'yan kallo. Ba ta kuma tsaya ga ƙagaggen labari ba. Lokacin shari'ar Ted Bundy a Amurka a 1979, mutumin da daga baya ya amsa kashe mata 30, 'yan mata sun riƙa zuwa kotu don su gan shi.

Kammalawa

Kakanninmu sun san cewa mugu na iya zuwa da kyau. Akwai tatsuniyar budurwar da ta rantse ba ta auren mai tabo. Sai maciji ya rikiɗa ya zama saurayi sumul, ta bi shi, har suka yi nisa cikin daji ya koma kamarsa. Tatsuniyar ba ta musa kyan saurayin ba, ba ta kuma ce son da budurwar ta yi masa ƙarya ne ba. Amma ta ajiye ƙanwa a cikin labarin, wadda ta lura da abin da yayarta ta ƙi gani, ta bi ta, ta cece ta. A labarin Polidori, Aubrey ne ke wannan matsayi, sai rantsuwa ta ɗaure masa baki. A littafin Stoker, masu wannan matsayi su ne ke riƙe da alƙalami. A labaran baya-bayan nan kuwa, mai gargaɗi ya koma mai hana ruwa gudu, wanda ake jira ya kauce a ɗaura aure.

Ba mu ce marubuci ya hana mugu magana ba. Adabin da mugunsa gunki ne mara zuciya ba ya koyar da komai, kuma Louis na Anne Rice ya fi dodanni da yawa zurfi. Abin da muke jawo hankalin ɗalibanmu masu sha'awar rubutu a kai shi ne, duk wanda aka ba wa baki a labari, an ba shi rabin zuciyar mai karatu kyauta. Wata rana wata daga cikin masu karatun za ta haɗu da saurayi mai bincike mata waya, mai hana ta zuwa gidan ƙawaye, mai cewa kishi ne ya sa ya mare ta, kuma da labaran da ta karanta za ta auna shi. Saboda haka idan mun ba dodo baki, mu bar wa wadda ya ciza suna da dangi da murya, kada kuma mu kori ƙanwar nan daga cikin labari.