Auren 'yan Izala da 'yan Ɗariƙa a ƙasar Arewa: abin da tarihi ya nuna

Ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso ta Nijar, ta daɗe da sanin gida guda mai aƙida biyu. Musulunci bai game ƙauyukan Arawa ba sai a ƙarni na 20. Kafin nan garuruwa irin su Lugu, garin Sarauniya da ta yi yaƙi da sojojin Faransa a 1899, da Bagaji, garin Baura, cibiyoyin addinin gargajiya ne. A wancan zamani ba baƙon abu ba ne maigida yana salla, uwargida tana bori, kuma aure na tafiya.

Sabuwar ɓaraka ta biyo bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris. Bayan taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi a Nijar, wa'azinta ya yi ƙarfi a Dogon Dutsi. Masallatai suka rabu, wani ya daina bin wani salla, wasu iyaye suka ƙi ba "ɗan bidi'a" ko "ɗan Izala" 'yarsu. Adeline Masquelier, wadda ta yi shekaru tana bincike a garin, ta rubuta littafi a 2009 kan yadda wannan saɓani ya taɓa rayuwar mata.

Idan aka duba da kyau, ba kan rukunan Musulunci ma'aurata ke rigima ba. Rigimar kan tashi ne ranar suna, ko sadakar bakwai da ta arba'in, ko Maulidi, ko kan fitar mace zuwa biki, ko makarantar da za a sa yara. Nan ne mace kan shiga tsaka mai wuya: miji ya hana, uwa ta yi fushi, kuma kowanne yana da hakki a kanta.

Saboda haka, jama'a, kafin ɗaurin aure waliyyai su zauna a kan waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake zama kan sadaki. Mijin da ba ya zuwa Maulidi, zai bar matarsa ta je gaida iyayenta ranar? A sani tun kafin a shafa fatiha. Yanke zumunci dai babu ɓangaren da ya halatta shi. Allah ya haɗa kanmu.