Bakan Falle-falle da Tarihin Rage Faɗinsa

Bakan da maharban ƙasar Hausa suka gada sanda guda ne: a saro itace, a busar, a fere da gizago da wuƙa, a ɗaura masa tsirkiya. Akwai kuma wani irin baka da ake haɗawa daga abubuwa dabam-dabam, falle bisa falle, wanda tarihinsa ya fi ƙarfi a Asiya da Gabas ta Tsakiya. A kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a Masar a 1922, an tarar da irinsa da dama.

Masu yinsa na dā, har zuwa gwanayen Turkawan daular Usmaniyya, abu uku suke haɗawa: itace a tsakiya, ƙaho a cikin baka, watau ɓangaren da ke duban mai harbi, sa'an nan jijiyar dabba a bayansa. Ƙaho yana jure matsi, jijiya tana jure miƙewa, danƙon da aka dafa daga fata ko kifi ya riƙe su. Aikin yakan ci shekara ko fiye, saboda jiran bushewa. In hannu ɗaya na bakan ya fi ɗaya tauri, sai gwani ya gasa shi kaɗan a wuta, ko ya kankare ƙahon, har su daidaita. Ke nan kauri yake ragewa.

Wannan dabara ta canja a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Maƙera baka, cikinsu har da Fred Bear, wanda ya mai da masana'antarsa garin Grayling na jihar Mishigan a 1947, suka soma sa fallayen zaren gilashi a madadin ƙaho da jijiya, da siraran fallayen katako a tsakani. Kaurin fallen gilashin bai cika wuce milimita 1 da ɗan kai ba, zaruruwansa kuma duk tsawo suke bi. Daga nan sana'ar ta shiga gidaje, don kuwa mutum na iya sayen fallayen ya manna su da kansa bisa wani katakon gwaji mai siffar baka.

To, a nan ne faɗi ya sami matsayin da ba ya da shi a dā. Da zarar danƙo ya kama, kauri ya zauna ke nan. Wanda ya kankare gilashin sosai ya yanke zaruruwan da ke ɗauke da ƙarfin bakan. Abin da ya rage masa shi ne gefuna. Lissafin kuwa sananne ne: in an ninka faɗi, tauri ya ninku sau 2, amma in an ninka kauri, ya ninku sau 8. Saboda haka rage faɗi gyara ne mai tafiya sannu, ya dace da hannun da bai ƙware ba, ko da yake shi ma ba ya yafe ganganci. In aka ci gefe ɗaya fiye da ɗaya, tsirkiya ta bar tsakiya, hannun baka ya murɗe, wani lokaci ma ta suɓuce ana cikin ja.

A ganinmu, masu ba da tarihin baka sun fi ɗokin ambaton sabon kayan aiki, sun yi sakaci da wannan ƙaura daga kauri zuwa faɗi, alhali ita ce ta canja hannun mai sana'a da kayan aikinsa. Gilashi yana dakushe zarto nan da nan, yana kuma tsagewa in an yanka shi da gaggawa. Shi ya sa aka saba liƙa takarda mai danƙo bisa fallen, a ja layin tsakiya, a yanka nesa kaɗan da zane, sa'an nan a ƙarasa da magagari da takardar yashi, ana rufe hanci da baki saboda ƙurar.