DAGA GISHIRI ZUWA SUKARI: TARIHIN CIKINMU A AWE



Makon da ya wuce na raka baffana asibiti a Lafia. Da aka gwada shi aka ce sukarin jininsa ya hau, ga kuma hawan jini. Muna dawowa a mota ya dube ni ya ce, "Ɗana, ubana ya haura shekara tamanin bai taɓa jin sunan wannan ciwo ba, kuma kunun da ya sha shi nake sha." Ban amsa masa ba a lokacin saboda girmansa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ina ganin kunun ba ɗaya ba ne.

Mu fara da abin da ya kawo kakanninmu nan. Gishiri ne. Tun kafin zuwan Turawa, Awe da Keana da Azara sun yi suna wajen gishiri a ƙasar Binuwai. Jukunawa da Alago ne tsofaffin ma'abota wannan arziki, fatake kuma suka riƙa zuwa daga ƙasar Hausa da rani suna saye, wasu suka yi aure suka zauna. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan ciniki a littafinsa kan gishiri na shekarar 1986. Aikin na mata ne: a jiƙa ƙasa da ruwan gishiri, a tace a tukunya, a dafa har ya ƙafe. Wanda ya ga wahalar nan ba zai yi almubazzaranci da gishiri a miya ba. Haja ce ta sayarwa, ɗan kaɗan ake ragewa gida.

Zaƙi kuwa ya fi gishiri wuyar samu. Sai zuma idan an dace, ko rake, ko mazarƙwailar da ake kawowa daga ƙasar Zazzau. Kunun zaƙi na asali ba da sukari ake yinsa ba. Iyayenmu mata suna jiƙa gero ko dawa, su niƙa da citta da kanumfari, su sa busasshen dankali ko tsiron hatsi, su bari ya kwana. Tsiron nan shi ke narkar da gasarar ya fito da zaƙinta, ɗan tsamin kuma aikin wasu ƙananan halittu ne masu amfani, irin waɗanda ke mai da madara nono. Wannan tsami yana rage yaɗuwar ƙwayoyin da ke ɓata ciki, yana kuma taimaka wa jiki ya amfana da sinadaran hatsin. Haka koko yake, haka fura da nono. Kakanninmu ba su san sunan ilimin ba, amma sun iya aikin.

Maƙwabtanmu ma da wannan hikima suke sarrafa dawa, sai dai burkutu ana barinta ta wuce tsami ta zama giya. Mu addini ya hana mu, likitoci kuma sun tabbatar cewa yawan shanta yana lalata hanta. Amma kada wannan ya sa mu ga kamar mun tsira. Mun guje wa giya, mun rungumi wani abin da ke cin jiki a hankali ba tare da kowa ya ce mana haram ba.

Yaushe ya shigo? A 1951 aka kafa kamfanin da ke yin Coca-Cola a Najeriya. Bayan samun 'yanci aka buɗe masana'antar sukari a Bacita da ke jihar Kwara ta yanzu, daga baya ta Numan ta biyo. Sannu a hankali sukari ya sauko daga teburin attajirai ya zo teburin mai shayi. Lemon kwalba ya zama abin karrama baƙo, ya ture ƙwaryar fura a wajen suna da ɗaurin aure. Masu kunun sayarwa suka ga jiran tsiro ɓata lokaci ne, suka koma zuba sukari da gwangwani. Dunƙulen Maggi, wanda gishiri ne mafi yawan abin da ke cikinsa, ya danne daddawa. A daidai lokacin kuma muka bar tafiyar ƙasa da noman hannu, muka hau babur muka zauna a shago.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A 2015 ta ba da shawara cewa sukari kada ya wuce kimanin cokali 12 na shayi, in an tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda ta kan ɗauki kusan cokali 9. To a haɗa da shayin safe da kunun rana, kowa ya yi lissafin kansa. Gwamnatin tarayya ma ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021.

Ban ce duk abin gargajiya lafiya ba ne. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun gano cewa ciwon zuciyar da ke kama masu jego yana da alaƙa da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da cutar shanu. Kakanninmu kuma da yawa sun rasu ba a taɓa gwada jininsu ba, mai yiwuwa wasunsu da ciwon suka tafi.

Abin da ya ƙara sa ni tunani shi ne, a 2017 kamfanin sukari na Dangote ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar Nasarawa don noman rake da yin sukari a Tunga, cikin ƙaramar hukumarmu ta Awe. Muna addu'a matasanmu su samu aiki. Ƙasar da aka sani da gishiri ga shi ana kiranta da sukari. Idan mun ɗauki darasin kakanninmu, za mu riƙe shi a matsayin haja kamar yadda suka riƙe gishiri, ba abin cika ciki ba.

Baffana yanzu yana shan maganinsa, gwaggo kuma ta koma yi masa kunu da tsiro da dankali, ludayi biyu ba cikin kwano ba, domin likita ya ce ko wannan ma a auna. Da farko ya ce salam yake. Jiya na ji yana cewa irin na uwarsa ne.

Duk wanda ya haura arba'in a cikinmu, don Allah ya je a gwada masa jini da sukari, ko da ba ya jin komai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.